Kofi Biyu a Shagon Tela

Masu karatu, ku gyara zama, domin abin da zan ba ku yau ya haɗa da gawa, da kofin shayi, da wani bawan Allah da na raina wata huɗu cur. Gawar ta cikin takarda ce, kada hankalin kowa ya tashi. Rainin kuwa nawa ne na kaina, ba zan ɗora wa kowa ba.

Ni ce auta a gidanmu, kuma Auta kowa yake ce mini, har mai shagon bakin layinmu. Shekarata ashirin da uku, ina aji uku a jami'a, ina karanta adabi. Gidanmu ɗan madaidaici ne: falo ɗaya mai labule ruwan zuma, kujeru uku da Mama ta lulluɓe da zane don kada su yi datti, sai wata tsohuwar fanka da take juyi tana ƙara kamar mai ƙorafi. Mu huɗu ne a ciki, Baba da Mama da Yayana da ni. Ta biyar ɗinmu Goggo ce, yayar Baba. Ita ba a gidan take ba, amma in kun ƙirga kwanakin da take wuni a wurinmu, za ku ce gidan mijinta ne take kai wa ziyara.

Mutumin da na ce na raina abokin Yaya ne. A ɗakin magani na wani asibiti yake aiki, shi ya sa a gida ake ce masa Mai Magani. A wayata kuwa Ina-wuni na sa masa, saboda kullum ƙarfe huɗu na yamma, ko ana ruwa ko ana rana, sai saƙonsa ya shigo: "Ina wuni." In rubuta, "Lafiya." Ya rubuto, "Madalla." Shi ke nan fa, an gama hirar ranar. Ran Asabar yakan zo da rigarsa a goge kamar takarda, ya zauna a kujerar kusa da taga, ya sha rabin ruwan da na kawo, ya tambaye ni karatu, ya duba agogo, ya tafi. Ba shi da muni, kada in yi masa ƙarya. Dogo ne, da tabarau, da tsabta har ta yi yawa. Amma ni a lokacin ji nake in aka haɗa ni da shi, sai mu shekara a gida ɗaya ba mu cika shafi guda na magana ba.

Mama tana son sa. Goggo kuwa kamar ita za ta aure shi. Duk zuwanta sai ta lissafa mini 'ya'yan ƙawayenta da suka girme ni da waɗanda na girma, duk suna ɗakunansu, ta ƙare da cewa miji mai shiru ai kyauta ce, ita da ta samu mai surutu ta san abin da take faɗa.

Ran Lahadi Baba ya kira ni. Ya rage muryar rediyonsa, ya ce shi ba zai tilasta mini kowa ba, ban kuma taɓa jin ya yi wa wani haka ba. Amma ba daidai ba ne a bar ɗan mutane yana zarya wata huɗu ba a ce masa komai ba. Ya ba ni zuwa Juma'a. In na ce e, iyayensa za su zo a san juna. In na ce a'a, shi da kansa zai ba shi haƙuri cikin mutunci. Na ce to, na fito.

Ga kuma abin da ban gaya wa kowa a gida ba, ku ma ku riƙe mini. Akwai wani a ajinmu da ake ce wa Lauya. Ba lauya ba ne, baki ne da shi. In ya miƙe yana magana, hannu ɗaya a aljihu, ɗaya yana yawo a iska, har malamai tsayawa suke su saurara. Bai taɓa cewa yana so na ba. Sau biyu dai ya ari birona, sau ɗaya ya ce mayafina ya yi kyau. A kan wannan na gina gida a zuciyata har da labule.

Ran Litinin Malama ta shigo aji da tarin takardu a hammata. 'Yar gajeruwa ce, ba ta ɗaga murya, amma duk abin da ka faɗa sai ta leƙo ta saman tabarau ta ce, "Ina hujja?" Ta raba mana wani gajeren labari, shafi uku, ba sunan marubuci a jiki. Ta ba mu minti goma.

Ga labarin a taƙaice. Wani tela ne yake zaune da matarsa a saman bene, shagonsa a ƙasa. Da safe sun yi faɗa da matar, har maƙwabta suka ji. Da rana ƙaninsa ya zo, suka yi musu a kan wanda zai ɗauki tsohuwarsu ya riƙe, ƙanin ya fita yana huci. Bayan la'asar matar ta sauko, ta tarar da telan kwance a ƙasa ba rai, an buge shi a ƙeya, dutsen guga a gefensa. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi ihu ba. Ta ga kofin shayi biyu a kan teburin yanka. Ta ɗauke su, ta hau sama, ta wanke, har ta yanke a yatsa wajen wankin, ta goge su ta ajiye. Sannan ta sauko ta buɗe ƙofa ta kira maƙwabta. A nan labarin ya tsaya.

Mun juya takarda muna neman shafi na huɗu, babu. Aji ya kaure. Malama ta jingina da tebur ta ce, "To, wa ya kashe shi?"

Lauya ne ya fara miƙewa, kamar kullum. Ya ce ai wannan ko yaro ya sani. Matar ce. Sun yi faɗa da safe, ta sauko da shayi kamar za a shirya, suka sha tare, ta ɗauki dutsen guga. Kofi na biyu nata ne, shi ya sa ta wanke. Jinin yatsarta kuwa marubuci ne yake nuna mana cewa hannunta da jini. Rabin ajin suka tafa masa. Ni ma hannuna ya ɗaga zai tafa, sai na fasa.

Ƙawata Tsinke, wadda duk labarin da aka ba ta sai ta nemo soyayya a ciki, ta ce sam. Ƙanin ne ya dawo ya kashe shi, matar kuma ta wanke kofin don ta rufa masa asiri, saboda tun asali shi take so. Malama ta tambaye ta a wane layi aka ce suna son juna. Tsinke ta ce ba a rubuta ba, amma ana jin ƙanshinsa. Wani daga baya ya ce shi a ganinsa ba wanda ya kashe kowa, santsi ne ya ɗebi telan, ya janyo wayar dutsen guga ya faɗo masa. Wata ta ce to santsin ne ya sha kofi na biyu?

Ban san lokacin da na ɗaga hannu ba. Na ce ni dai ba matar ba ce.

"Ina hujja?" in ji Malama.

Na ce jikina ne ya ba ni.

Dariyar da aka yi mini har yanzu in na tuna sai kunnuwana su yi zafi. Lauya ya juyo yana murmushi ya ce mata ai ba sa ganin laifin mata. Malama ta bari aka lafa, ta ce tunda jikina yana ba ni labari, ran Alhamis in zo gaban aji da jikin nawa da hujja, minti biyar, maki goma sha biyar. Ku sani gwajin farko na wannan darasi ban ci abin kirki ba. In na sake zubar da wannan, sai dai in maimaita darasin baɗi tare da 'yan ajin da ke bayanmu.

Na dawo gida da takarda a hannu kamar an ba ni sammaci. Bayan mun ci abinci Yaya ya fizge ta ya karanta wa kowa da ƙarfi, yana canza murya. Nan fa gidanmu ya koma aji.

Baba, wanda ya yi shekara talatin yana aiki a gidan waya yana jiran teloli su gama masa ɗinki, ya ce shi ba ya zargin matar ko ƙanin. A je a binciko littafin masu kawo ɗinki. Duk wanda aka ce masa "gobe" sau bakwai, ya san abin da zuciya take raya wa mutum in ya ga dutsen guga. Yaya ya goyi bayan santsi, don kawai ya ba ni haushi. Goggo ta ce duk wannan ba shi ba ne, darasin labarin shi ne mace ta samu miji mai shiru, da telan ba mai faɗa ba ne da yanzu yana nan da ransa. Ta faɗa tana kallona.

Mama ce ta ƙarshe. Tana ninke kaya ba ta ko ɗago ba ta ce, "Ku duk ba ku san mata ba. Mutane za su cika mata gida, 'yan sanda, maƙwabta, dangin miji. Wace ce za ta bari a shigo a ga kofi da datti?"

Muka yi dariya, amma ita da gaske take. Na rubuta maganarta a bayan takarda, ko da za ta yi amfani. Sai dai na san in na je wa Malama da wannan kaɗai, tabarau za ta leƙo.

Ran Talata na karanta labarin ya fi sau goma. A motar haya na karanta, a ɗakin karatu na karanta, ina wanke-wanke ma na jingina shi da taga. Ban ga komai ba. Ga Alhamis tana matsowa, ga Juma'a a bayanta. Ƙarfe huɗu daidai waya ta yi ƙara. "Ina wuni." Haushi ya cika ni. Maimakon "Lafiya", sai na ɗauki hoton shafukan uku na tura masa, na rubuta a ƙasa, "Wa ya kashe telan?" A raina na ce amsarsa ba za ta wuce "Allah ya jiƙansa" ba.

Ya buɗe saƙon. Shiru. Awa ɗaya, awa biyu. Ko "Madalla" ɗin ma ranar ban samu ba. Abin mamaki, sai na kama kaina ina duba waya kamar mai jiran sakamakon jarrabawa.

Da safiyar Laraba ina ɗaura mayafi saƙo ya shigo, mafi tsawo da ya taɓa turo mini: "Na karanta. Ba zai faɗu a waya ba. In Baba ya yarda zan zo bayan na tashi aiki."

Kada ku tambaye ni dalilin da ya sa na canza kaya sau uku da yammar nan, ni ma ban sani ba. Na sa doguwar riga ruwan toka, na cire. Na sa mai furanni, Yaya ya leƙo ya tambaya ko hoto za a ɗauka, na cire. Na ƙare a shuɗiya mai ƙananan maɓallai da farin mayafi, na ɗan shafa turaren Mama ba ta sani ba. Ta sani mana. Na wuce ta a kicin ta shaƙi iska ta yi murmushi.

Ya zo da rigar aiki a ninke a hannu, da wata jakar takardu. Ya zauna a kujerarsa ta kusa da taga. Bayan gaisuwa ya ciro labarin, ashe bugawa ya yi a takarda, ya bi shi da fensir, layi a nan, alama a can. Ya ce in duba shafi na uku, inda matar ta yanke a yatsa.

"Kofin shayi yana yanka?" ya tambaye ni.

Na ce in ya fashe.

"Ba a ce ya fashe ba. An ce ta goge su ta ajiye, duka biyun."

Ya juya zuwa shafi na ɗaya, wurin da marubucin ya ɓata rabin shafi yana lissafa kayan shago: zaruruwa, maɓallai, almakashi, alli, tsummoki. Wurin nan duk ajinmu tsallake shi muka yi, ni ma da na karanta sau goma idona ne kawai yake bi ta kai. Ya ɗora yatsa a tsakiyar lissafin. An rubuta: "da kofin nan mai ɓallen baki, wanda yake ajiye a saman kantar shagon tun ranar da ɗansu ya bar gida."

Na sake karanta layin. Ni ban ma san suna da ɗa ba.

Ya ce sau ɗaya tak aka ambaci ɗan a duk labarin, a nan. Kofi mai ɓallen baki shi ne kaɗai zai yanki mai wanki. Ke nan ɗaya daga cikin kofunan da ta gani a kan tebur na ɗanta ne, wanda ba a taɓa saukowa da shi ba tun da ya tafi.

Na ce, "To ɗan ne ya kashe shi ke nan."

Ya girgiza kai. "Ban san wanda ya kashe shi ba. Na dai san wanda take tsoron shi ne."

Na sake duban takardar. Matar da aka yi kwana uku ana zagi a ajinmu, ashe uwa ce ta ga kofin ɗanta kusa da gawar mijinta. Idona ya ciko, na yi kamar fankar ce ta jefa mini wani abu.

Na tambaye shi yadda aka yi ya gani. Ya ce aikinsa ke nan, karanta rubutun likitoci. Wanda ya saba tsallake layi a takardar magani wata rana zai kashe mutum, shi ya sa komai sau biyu yake karantawa, har takardar da aka naɗe burodi. Na yi dariya, shi ma ya yi. Masu karatu, wata huɗu ban san mutumin nan yana da wushirya ba.

Daga nan hira ta ɓalle. Ya ce shi ma bai yarda da kansa ɗari bisa ɗari ba, don telan yana iya sauko da kofin saboda kewa. Na ba shi fassarar Baba, ya yi dariya har ya cire tabarau, ya ce shi ma akwai wandonsa da yake wurin tela tun bara. Ruwan da na kawo ya shanye tas, na ƙaro. Da na ga bakinsa ya buɗe, sai na yi ƙarfin hali na tambaye shi abin da yake cina: mutum mai magana haka, me ya sa kullum "Ina wuni" kawai?

Ya sunkuyar da kai yana wasa da fensir. Ya ce ranar da ya fara ganina, ya zo wurin Yaya ne, ni kuma ina tsakar gida ina waya da wata ƙawata. Ya ji ina cewa ba abin da na tsana kamar namiji mai dogon saƙo, wanda zai cika wa mutum waya da surutu.

Na tuna ranar. Da Tsinke nake, a kan wani mai nacinta muke magana, ba ma ni abin ya shafa ba.

"Wata huɗu kana taƙaita magana saboda wannan?"

"Wani lokaci nakan rubuta mai tsawo," ya ce, "sai in goge."

Sai na tashi na ce bari in ƙaro ruwa, alhali kofinsa a cike yake. Da zai tafi na ga ya tsaya wurin Baba a ƙofar gida, sun ɗan daɗe suna magana. Ban kawo komai a raina ba, na ɗauka labarin tela suke yi.

Ran Alhamis na tsaya gaban aji. Na ce kowa ya buɗe shafi na uku, sannan na ɗaya. Na karanta layin kofin a hankali. Ajin ya yi tsit, sai ƙarar takardu ana juyawa, can wata ta ce "Kai" a hankali. Na ƙara da maganar Mama, na ce ko da ba don ɗan ba, wanke kofi kaɗai ba ya mai da mace mai kisa.

Lauya ya miƙe. Ya ce wannan ma ai hujjarsa ce: matar ce ta sauko da kofin ɗan da gangan don zargi ya faɗa kansa. Na ce in don a zargi ɗan ta sauko da shi, me ya sa ta wanke kafin kowa ya gani? Ya buɗe baki, hannun nan ya tashi sama, ya tsaya a can. Karo na farko ke nan da na ga hannun Lauya ya sauko ba magana. Tsinke ta ce ita har yanzu tana nan a kan bakanta, don ƙanin yana iya shan shayi a kowane kofi. Mai santsi ya ce a rubuta shi ma bai janye ba.

Malama ta leƙo ta saman tabarau. Ta ce ina hujjar cewa ɗan ya zo shagon ranar? Na ce babu. Ban ce shi ya yi ba, na ce abin da uwarsa ta ji tsoro ke nan. Sai ta tambaya ko ni kaɗai na gano layin. Zuciyata ta ce in yi shiru, bakina ya riga ta. Na ce wani ne ya nuna mini yankan yatsar.

"Sha uku," ta ce tana rubutawa. "Biyun da suka rage nasa ne. Ki gaishe shi."

Aka roƙe ta ta faɗi wanda ya yi kisan, ta ce ita ma shekara tara tana koyar da labarin, kuma sau uku tana canza ra'ayi. Ta kwashi takardunta ta fita ta bar mu muna musu har 'yan aji na gaba suka kore mu.

A baranda Lauya ya tare ni. Ya ce ashe ina da kai haka. Da a makon jiya ne ya faɗi wannan, da sai na kwana uku ina juya maganar. Ya yi minti goma yana bayyana mini yadda shi ma ya kusa ganin layin, da yadda ya kayar da wani malami a muhawara tun yana sakandare. Ina tsaye ina gyaɗa kai, sai na lura tunanina yana kan agogo, ina lissafin saura nawa huɗu ta yi. Ya nemi aron biro, na ba shi na ce ya riƙe.

Da safiyar Juma'a na tashi da amsata a shirye. Na maimaita ta a gaban madubi, na maimaita ina shara. Bayan an karya na sami Baba a falo yana goge takalminsa. Na durƙusa a gefe na ce na zo da maganar da ya ce.

Ya ce wace magana? Na ce ta Juma'a.

"Au, ai an ɗage," ya ce, yana ci gaba da goge takalmi.

Ashe tsayuwar da na gani a ƙofar gida ran Laraba, roƙon Baba Mai Magani ya yi. Yaya ne ya tsegunta masa cewa an ba ni wa'adi, shi kuma bai ji daɗi ba. Ya ce wa Baba don Allah a janye, ba ya son amsar da aka ƙirga wa kwanaki. Ga jarrabawa a gabana, a bar ni in gama a natse, shi ba inda za shi. Baba ya ce yaron ya burge shi, don haka in je in yi karatuna, ba wanda zai sake tayar mini da maganar sai bayan wata uku. Har Goggo ya ja wa kunne.

Masu karatu, kun taɓa ɗauko kaya a ka tun daga nesa, ku iso ku tarar an rufe ƙofa? Haka na tsaya da "e" ɗina a baki, ba mai karɓa. Na ce wa Baba na gode, da wata murya da ni kaina ban gane ta ba. Ina fitowa na ci karo da Mama a bakin kicin, ludayi a hannu, ashe duk tana ji. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Wata uku dai ba shekara ba ce, Auta. In kuma ta yi miki tsawo, ai kina da waya."

Na shige ɗaki na rufo ƙofa. Na zauna a bakin gado, na tashi, na sake zama. Tunda muke ban taɓa kiransa ba, ko sau ɗaya. Na san ran Juma'a sai da rana yake shiga aiki, don haka yana gida. Na rubuta saƙo na goge, na sake rubutawa na goge, sai na tuna wanda ya ce haka yake yi, na ji dariya ta kama ni. Na rufe ido na danna kira.

Ta yi ƙara sau uku aka ɗauka. Na buɗe baki zan yi sallama, sai na ji muryar mace, babba, a natse.

"Ke ce Auta?"

Na gyara zama. Na ce e, ni ce.

"Mahaifiyarsa ce. Yana wanka, na ga sunanki na ce ba zan bari ya katse ba." Na zame daga gado na durƙusa a ƙasa ina gaishe ta, kamar tana ganina. Ta amsa da fara'a, ta tambayi Mama da Baba, sannan ta rage murya. "Takardar nan da kika ba shi, ya bar ta a kan tebur na karanta. Kwana biyu muna musu da shi a gidan nan. Ni uwa ce, kuma na ce miki matar nan ba don ɗanta ta wanke kofin ba. Akwai abin da ku duka ba ku gani ba a shafi na biyu."

Na ce, "Mene ne, Mama?" Sai bayan ya fita na ji sunan da na kira ta da shi.

Ta yi 'yar dariya. "Ba zai faɗu a waya ba, 'yata. Ki nemi izini a gida, gobe ki zo da takardarki."